Kashe JavaScript Gaba Ɗaya, Tace Shi, ko Kashe JIT Kaɗai: Wanne Ya Dace da Kai?

A watan Janairun 2013, Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta ba da wata shawara da ba a saba jin irinta daga bakin gwamnati ba: duk wanda ba dole ne ya yi aiki da Java (wata manhaja da ake liƙa wa burauza don wasu shafuka su yi aiki) a burauzarsa ba, ya kashe ta. An gano wata ɓaraka ce a Java 7, kuma masu kutse sun riga sun fara cin karensu ba babbaka da ita tun kafin kamfanin Oracle, mai mallakar Java, ya fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar. A shekarar da ta gabace ta ma, wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta bi ta irin wannan ƙofa ta shiga kwamfutocin Mac sama da 600,000. Shawarar ba ta yi wuyar bi ba, domin yawancin mutane ba su ma san Java na zaune a burauzarsu ba. Suka kashe ta, suka ci gaba da harkokinsu, babu abin da ya rage musu.

Wannan zamani ya wuce. Chrome ta rufe ƙofar irin waɗannan manhajojin da ake liƙa wa burauza a Satumban 2015, Firefox ta bi sahu a Maris na 2017 ta bar wa Flash kaɗai hanya, shi ma Flash ɗin kamfanin Adobe ya daina kula da shi a ƙarshen 2020. In burauzarka ta zamani ce, babu Java babu Flash a cikinta, kuma duk mai koya maka yadda ake kashe su tsohon labari yake ba ka.

Abin da ya rage shi ne JavaScript. Kamar suna ce kawai ta haɗa shi da Java: ita kamfanin Sun ne ya yi ta, shi kuwa Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a Netscape a 1995. Kuma shi ba liƙa shi aka yi a jikin burauza ba, da shi aka gina ta. Duk lokacin da ka buɗe shafi, ba rubutu da hotuna kaɗai kake saukewa ba. Kana sauke tarin umarni da wani wanda ba ka sani ba ya rubuta, burauzarka kuma ta aiwatar da su nan take a cikin na'urarka, ba tare da ta nemi izininka ba. Burauza tana killace waɗannan umarni a cikin wani shinge don kada su taɓa sauran abin da ke cikin kwamfutar, amma shingen da injin da ke cikinsa duk ɗan Adam ne ya rubuta su, kuma kusan kowace shekara ana kama masu kutse suna amfani da wata kafa a injin kafin masu shi su farga.

Hanyoyi uku ne a gaban mai son rage wannan haɗari: ya kashe JavaScript gaba ɗaya, ya riƙa tace wanda zai yi aiki da wanda ba zai yi ba, ko ya bar shi yana aiki amma ya kashe wani sashe na injinsa da ake kira JIT. Mutane sukan ɗauka matakai uku ne na abu guda, wannan ya fi wancan tsauri. Ba haka ba ne. Kowace hanya da irin ɓarnar da take tarewa, kuma akwai inda mai sassaucin ta fi mai tsaurin amfani.

Kashe shi ɗungurungum

Wannan ce ta fi sauƙin yi. A Chrome da Edge makunnin yana cikin saitunan shafuka, a Safari ma akwai shi a kwamfuta da waya. Firefox ce ta cire nata daga gaban jama'a tun sigarta ta 23 a 2013, domin mutane kan kashe shi cikin rashin sani sannan su zo suna ƙorafin burauza ta lalace. Yanzu sai ka rubuta about:config a wurin adireshi ka mayar da javascript.enabled zuwa false.

Kariyar da take bayarwa ba ta wasa ba ce. Ko da ɓarakar ba a injin JavaScript take ba, mai kutse yakan buƙaci JavaScript don ya jera abubuwa a ƙwaƙwalwar na'ura yadda harinsa zai faɗa daidai. Ka hana shi wannan, ka karya masa mafi yawan makamansa. A watan Agustan 2013 an dasa wani hari a wasu ɓoyayyun shafuka don tona asirin masu amfani da Tor, burauzar ɓoye sawu a intanet, a kan Windows, kuma da JavaScript aka kai shi. Waɗanda suka kashe shi harin bai same su ba. Shi ya sa har yau mataki mafi tsauri a burauzar Tor yake kashe JavaScript a ko'ina. Bayan haka, mafi yawan dabarun bin sawun mutum, irin su auna girman fuskar na'urarka da nau'in haruffanta da yadda take zana hoto don a gane ka ko da ka share kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka), duk suna mutuwa. Shafuka kuma su yi sauƙi, data ta daɗe.

Sai dai ka gwada zama a haka ka gani. Ka buɗe shafin labarai, rubutun ya fito amma gurbin hotuna duk akwatuna ne masu toka-toka, domin JavaScript ne ke jawo hoton idan ka gangaro kansa. Ka danna layuka ukun nan na saman shafi, shiru. Wani shafin fari fat zai ba ka, wani kuma da'ira ce za ta yi ta juyawa har ka gaji ka rufe. Mafi ban haushi shi ne fom: ka cike gurbi goma, ka danna maɓallin aikawa, ko gezau. YouTube, WhatsApp na burauza, taswira, akwatin imel, shafin banki, babu wanda zai tashi. Gmail ya janye sauƙaƙƙen tsarinsa da ke aiki ba JavaScript a 2024, kuma tun Janairun 2025 binciken Google kansa yana buƙatarsa. Wikipedia dai tana karantuwa lafiya lau, haka ma tsofaffin shafuka masu rubutu zalla, kuma DuckDuckGo yana da sigar bincike da ba ta buƙatarsa.

A ganina, wannan hanya ba ta zaman yau da kullum ba ce. Ta wani takamaiman aiki ce: za ka buɗe mahaɗin da ba ka yarda da shi ba, ko kana binciken da in aka gano ka rayuwarka za ta shiga haɗari. Wanda ya ce zai mayar da ita ɗabi'a a babbar burauzarsa, abin da yakan faru shi ne kafin a je ko'ina ya gaji ya kunna komai, ya koma inda ya fito, yanzu ma da tunanin cewa harkar tsaro wahala ce kawai.

Tacewa: wannan ya shiga, wancan ya tsaya

Hanya ta biyu ta ginu ne a kan wata gaskiya da ba kowa ya lura da ita ba: yawancin umarnin da ke gudana a shafi ba na mai shafin ba ne. Na kamfanonin talla ne, da masu ƙidayar baƙi, da masu maɓallan sada zumunta, da rumbunan da ke ba da aron umarni ga dubban shafuka. Kayan aikin da suka yi suna a nan biyu ne. NoScript, wanda Giorgio Maone ya fitar a 2005, yana tare kowa sai wanda ka ba izini. uBlock Origin na Raymond Hill, in ka kunna masa tsarin ƙwararru, yana iya barin umarnin mai shafi su wuce ya tare na baƙi da tagogin da ake cusowa daga wasu adiresoshi. Chrome da Edge ma suna ba ka damar kashe JavaScript sannan ka yi jerin shafukan da ka yafe wa, amma wannan tacewa ce mai manyan ramuka, domin in ka yafe wa shafi ka yafe wa duk baƙin da ya gayyato.

Inda wannan hanya ta yi zarra shi ne ranar da aka gurɓata ɗaya daga cikin baƙin nan. A Fabrairun 2018 an yi wa wata manhajar karanta wa makafi shafi mai suna Browsealoud kutse, sai ga shafuka sama da 4,000, har da na hukumomin gwamnatin Birtaniya, suna sa kwamfutocin masu ziyara haƙar kuɗin kirifto a ɓoye. A Yunin 2024 kuma aka gano adireshin polyfill.io, wanda shafuka sama da 100,000 ke jawo umarni daga gare shi, ya koma hannun sabon mai shi yana tura mutane shafukan damfara. A duka biyun ba wata kafa aka fasa a burauza ba. Halastaccen JavaScript ne ya yi aikin banza, kuma wanda bai ba wa adireshin izini ba ya tsira.

Amma dubi kuɗin da ake biya. Ka buɗe shafin jarida, ka danna alamar NoScript, sai ga jerin adiresoshi ya zubo, rabinsu sunaye ne da ba su da ma'ana a wurinka. Ka ba wa na farko izini, shafi ya sake lodi, sai sababbi su bayyana waɗanda na farkon ya kirawo. Bidiyo ya ƙi tashi, kai kuma ka shiga canki-canka: wannan ne ke ɗauke da bidiyon, ko kuwa na talla ne? Wurin biyan kuɗi ya fi ko'ina tayar da hankali. Daga shafin kanti a miƙa ka ga kamfanin karɓar kuɗi, daga nan zuwa shafin tantancewa na banki, kowanne da nasa adiresoshin. In ɗaya ya maƙale a tsakiya, sai ka tsaya kana kallon farin shafi, ba ka sani ba ko kuɗin sun fita ko ba su fita ba, kuma kana tsoron sake dannawa.

Akwai kuma raunin da masu yabon wannan hanya ba su cika faɗa ba. Hukuncin a hannunka yake, kai kuma da suna kake hukunci, ba da abin da ke cikin umarnin ba. Wanda ya daɗe da NoScript mai yiwuwa ya ba wa polyfill.io izini na dindindin shekaru kafin ya lalace, tun yana adireshin kirki. Haka nan a 2018, lokacin da aka sace bayanan katin dubban ɗaruruwan abokan cinikin British Airways, ɓarayin sun sauya wani fayil ne a cikin shafin kamfanin kansa. Duk wanda zai sayi tikiti dole ya amince da shafin, kuma da ya amince da shi ya amince da ɓarawon. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020, amma wannan bai mayar da bayanan kowa ba.

Sannan kayan tacewar kansu ƙari ne da kake ɗora wa burauza, masu izinin ganin duk shafin da ka buɗe. Waɗannan biyun amintattu ne, amma masu kwaikwayon sunansu sun yi yawa a rumbunan saukewa, sai an duba sunan mai shi da kyau. Kuma tun 2024 da Chrome ta fara rufe tsohon tsarin ƙarin manhajoji, cikakken uBlock Origin ya daina aiki a cikinta, sai ƙaramar sigarsa da ba ta da wannan iko na tacewa dalla-dalla. Mai son wannan hanya da gaske Firefox ce gidansa, a kwamfuta da Android. Chrome ta waya ba ta karɓar ƙari ko ɗaya.

Kashe JIT

Wannan ce mutane suka fi jahilta, kuma ita ce ta fi kama da abin da aka yi wa Java: ka cire sashe guda mai yawan matsala, shafuka su ci gaba da aiki.

Injin JavaScript, ko V8 na Chrome da Edge ne, ko SpiderMonkey na Firefox, ko JavaScriptCore na Safari, yana da hanya biyu ta aiwatar da umarni. Ta farko ita ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowane abu kafin ya taɓa shi: wannan lamba ce ko rubutu? Wannan jerin gurbi nawa gare shi? Hanya ce mai aminci amma mai nawa. Ta biyu ita ce JIT. Idan injin ya lura ana ta maimaita wani yanki na umarni, sai ya mayar da shi harshen na'ura kai tsaye a daidai lokacin, ya kuma zubar da binciken da yake ganin ba a buƙata. Kamar mai gadi ne da ya ga fuska ɗaya ta wuce sau dubu da katin shaida na gaskiya, sai ya daina tambayar katin. Layi ya yi sauri, amma duk wanda ya iya aron wannan fuskar ya shige. Aikin mai kutse ke nan: ya yi ta ba injin lamba har ya saki jiki, sannan ya miƙa masa wani abu dabam a inda aka daina dubawa. In akwai kuskure a lissafin injin na inda ya halatta a daina dubawa, sai mai kutsen ya samu damar karantawa da rubutawa a ƙwaƙwalwar da ba tasa ba. Daga nan saura ya nemi kafa ta biyu da zai tsallake shingen.

A watan Agustan 2021 masu binciken tsaro na Edge a Microsoft suka fitar da lissafin da ya ja hankali: kusan kashi 45 cikin 100 na ɓarakokin da aka yi wa rajista a V8 tun daga 2019 suna da alaƙa da JIT. Suka kuma kawo wani nazari na Mozilla da ya nuna fiye da rabin hare-haren da aka kama ana kai wa Chrome a zahiri da kuskuren JIT suka yi amfani. Ga wata riba kuma da ba ta fito fili ba. Tun da aikin JIT shi ne ƙirƙiro sabon umarnin na'ura yana tsaka da gudu, dole tsarin kwamfuta ya bar wa burauza wannan dama. In babu JIT, ana iya rufe damar gaba ɗaya, a kuma kunna wasu matakan kariya da a da ba sa jituwa da shi. Wato ba kafofin JIT kaɗai ka toshe ba, ka ƙara wa mai amfani da sauran kafofin wahala.

Me ake rasawa? Sauri, amma ba yadda ake zato ba. A gwajin Microsoft, makin da burauza ke ci a manhajojin auna gudun JavaScript ya faɗi sosai, wani wurin fiye da rabi, amma a yawancin gwaje-gwajen amfani na yau da kullum ba a ga wani bambanci ba. Dalilin a fili yake: karanta labari, duba imel da cike fom ba sa maimaita lissafi sau miliyan, jiran intanet ne ya fi cin lokacinsu. Inda za ka ji a jikinka shi ne wasannin cikin burauza, manhajojin zane da gyaran hoto, babban maƙunsar lissafi, taswira mai nauyi, wani lokaci da kiran bidiyo. A tsohuwar na'ura mai ƙaramin ƙarfi abin ya fi fitowa.

Kowane kamfani da yadda ya shirya nasa, kuma bambancin yana da muhimmanci wajen zaɓi.

Edge ce ta fi sauƙaƙa shi. A sashen sirri da tsaro akwai makunnin ƙarfafa tsaro mai mataki biyu: Balanced yana kashe JIT a shafukan da ba ka saba ziyarta ba, Strict yana kashewa a ko'ina sai inda ka keɓe. Chrome tana da nata a chrome://settings/content/v8, inda za ka hana shafuka amfani da manyan matakan hanzarta V8, ka kuma rubuta waɗanda ka yafe wa. A Android 16, kunna tsarin Advanced Protection yana yin wannan da kansa a Chrome, tare da wasu matakan. Burauzar Vanadium ta tsarin GrapheneOS, wani nau'in Android mai tsaurin tsaro, da JIT a kashe take zuwa. Firefox tana barin ka kashe javascript.options.ion da javascript.options.baselinejit a about:config, sai dai babu jerin keɓewa, ko duka ko babu. Burauzar Tor tana kashe JIT tun daga matakinta na tsakiya.

Apple kuwa bai ba da makunnin shi kaɗai ba. Ya saka shi ne a cikin Lockdown Mode, wanda ya zo da iOS 16 da macOS Ventura a 2022 domin mutanen da ake farauta da manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus. In ka kunna, ba JIT kaɗai zai tafi ba: yawancin nau'in fayilolin da ake liƙowa a saƙo za a tare su, kiran FaceTime daga wanda ba ka taɓa kira ba ba zai shigo ba, wasu haruffa da fasahohin shafi ma za su daina aiki. Ana iya keɓe shafukan da aka amince da su. Ga mai iPhone, tambayar ba ta JIT ba ce kawai, ta ko zai iya zama da sauran takunkuman ce.

Ga abin da kashe JIT ba ya yi, kuma kada a ruɗe a nan. Ba ya hana bin sawu ko kaɗan. Ba ya hana talla. Da Browsealoud da polyfill.io da satar katin British Airways, duk da sun same ka, domin babu wanda ya buƙaci kuskuren inji a cikinsu. Iyakarsa hana shafi ƙwace burauzar kanta.

Hari guda, hanyoyi uku

Akwai wani lamari da ya dace a auna su da shi. A Agustan 2024 masu nazarin barazana na Google suka bayyana cewa tsakanin Nuwamban 2023 da Yulin 2024 an gurɓata wasu shafukan gwamnatin Mongoliya, aka cusa musu ɓoyayyar taga da ke jawo hari daga wani adireshi. An auna masu iPhone da masu Chrome a Android waɗanda ba su sabunta ba, da nufin sace kukis ɗin da ke riƙe da shigarsu asusu. Wanda ya kashe JavaScript ya tsira. Wanda ke tare tagogi da umarnin baƙi ya tsira, muddin bai ba wa baƙon adireshin izini ba. Masu Lockdown Mode ma, in ji rahoton, harin bai kama su ba ko da wayarsu na kan tsohuwar siga. Sai na huɗu da ba ya cikin jerinmu: wanda bai kashe komai ba amma ya sabunta na'urarsa, shi ma ya tsira, domin an riga an yi wa kafofin faci kafin a kai harin.

Wannan lamari ne ya sa nake fifita Strict a kan Balanced. Ma'aikacin da ke buɗe shafin ma'aikatarsa kullum, shafin ya zama na gida a wurinsa, kuma irin wannan shafin ne mai farauta ke zuwa ya yi kwanto a kai. Sabo da shafi ba hujjar lafiyarsa ba ce.

To, wanne za ka ɗauka?

In kai mai amfani ne na yau da kullum, ko kana saita wa wani na'ura wanda ba zai iya warware matsala da kansa ba, ka kashe JIT, ka haɗa da manhajar tare talla a tsarinta na asali wanda ba ya tambayarka komai. Na farko ya rage hanyar ƙwace burauza, na biyu ya rage yawan baƙin da ke isowa gare ta. Babu ɗayansu da ke neman ka yanke hukunci sau ashirin a yini, kuma wannan ne babban dalilina na zaɓarsu. Kada ka taɓa saka wa irin wannan mutum NoScript. Zai koyi danna "amince da duka" kafin ya koyi komai.

In kana da haƙuri, kana son sanin wa ke magana da na'urarka, kuma sirrinka ya dame ka kamar yadda tsaro ya dame ka, tacewa taka ce. Makonnin farko ne masu wuya, daga baya jerin ya zauna. Ka riƙa ba da izini na wucin gadi maimakon na dindindin, ka kuma ware wata burauza ko wani asusun burauza dabam, marar tacewa, don banki da biyan kuɗi kawai. Babu abin da ya hana ka haɗa ta da kashe JIT. Ba sa karo, kowanne yana rufe inda ɗayan ya bari.

In kuwa aikinka ya sa akwai masu kuɗi da iko da ke son shiga wayarka, ɗan jarida ne kai, ko lauya, ko mai fafutuka, to Lockdown Mode ko Advanced Protection ba abin dogon tunani ba ne, ka kunna. Kashe JavaScript gaba ɗaya kuma ka ajiye shi a burauza ta musamman don mahaɗan da ba ka san asalinsu ba.

Game da jerin keɓewa, ƙa'idar da nake bi ita ce kada a keɓe shafi don an amince da shi, sai don ya kasa aiki. Manhajar zane ta yi nauyi, a keɓe ta. Shafin labarai ba ya buƙatar JIT komai girman sunansa.

Akwai ɓarnar da duk ukun ba sa tarewa. Shafin bogi da ya kwaikwayi na bankinka zai karɓi kalmar sirrinka ko da JavaScript ko babu. Fayil ɗin da ka sauke ka buɗe da hannunka ya fita daga hurumin burauza. Ƙarin manhajar da ka ɗora shekaru uku da suka wuce ka manta da ita tana iya sauya hannu ta zama ɗan leƙen asiri, don haka duk wadda ba ka amfani da ita ka cire ta, ba kashewa kawai ba. Kuma a Satumban 2023 an gano wata kafa a libwebp, manhajar da ke buɗe hotunan WebP, wadda ta shafi Chrome da Firefox da Edge da tarin wasu manhajoji. Wannan a wurin buɗe hoto take, ba a injin JavaScript ba, kuma maganinta guda ne, faci.

Burauzoji suna sauke facin da kansu, amma ba ya fara aiki sai an rufe burauzar an sake buɗe ta. Mai barin shafuka hamsin a buɗe na tsawon makonni yana iya zama a kan tsohuwar siga alhali sabuwar tana cikin kwamfutarsa tana jira. A Chrome ka rubuta chrome://settings/help, a Edge edge://settings/help, a Firefox ka duba sashen bayani game da ita a ƙarƙashin taimako. In ka ga maɓallin sake farawa, ka danna shi kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikin saitunan da ke sama.